Surukina da filin Rijiyar Lemo

Ranar da Allah ya karɓi ran surukina, layin gidansu da ke Fagge ya cika har masu a daidaita sahu suka riƙa juyawa tun daga bakin titi. Ni ina cikin gida tare da mata, saboda haka abin da ya wakana a waje sai daga baya na tsince shi a bakin mutane. Abin da na gani da idona shi ne Hajiya, uwar mijina, zaune a kan darduma ta miƙe ƙafafu, carbi a hannunta amma ba ta ja. Duk wadda ta durƙusa ta ce mata, "Hajiya, ya haƙuri?" sai ta ɗago ta dube ta kamar ba ta gane tambayar ba, ta ce, "Ko kokonsa bai sha ba. Ga shi can na rufe masa." Kofin yana nan a kan taga har aka yi la'asar, babu wadda ta iya ɗauke shi.

Ƙanwar mijina da ke aure a Kaduna ba ta iso ba sai da aka dawo daga maƙabarta. Tun daga soro muka jiyo kukanta, tana cewa me ya sa ba a jira ta ba. Gwaggonsu, ƙanwar marigayin, ta riƙe ta ta ce, "Ke, yi shiru. Mutumin da bai taɓa makara wurin aiki ba, shi za a ajiye ana jiran mota?" Tana rufe baki ita ma ta fashe da kuka.

A waje kuwa, an ce tsofaffin magina sun zo, da birkiloli, da 'yan kwangila, har da waɗanda suka yi shekaru ba sa ga maciji da shi. Wani Alhaji mai gidajen haya ya zauna a tabarma yana girgiza kai yana cewa, "Wannan bawan Allah ya ɓata mini rai fiye da kowa a garin nan. Ka kawo shi ya duba maka fili, ya tafi ya bar ka da ciwon kai. Allah ya jiƙansa, Allah ya sa ya huta."

Sai kuma mutumin da yaranmu suke kira Baban Sabon Gari. Kirista ne, mutumin wajen Zariya, wanda ya yi ƙuruciyarsa da tsufansa yana riƙe da injin haƙar ƙasa tare da surukina. Ya tsaya a gefe har aka idar da sallar gawa, ya bi jama'a maƙabarta yana dogara sanda, da aka dawo ya tsaya a soro yana neman wanda zai isar masa da gaisuwa ciki. Hajiya ta ce, "Ku shigo da shi, ai ba baƙo ba ne." Ya shigo, ya cire hula, ya zauna a bakin ƙofar ɗaki.

Can ya ce, "Hajiya, kin tuna shekarar da bene ya rufta a bayan layinmu?"

Ta gyaɗa kai.

"Ba aikinmu ba ne. Ba wanda ya kira mu kafin a gina shi. Amma da labari ya zo, Injiniya ya ce mu je. Da hannu muka riƙa kwashe bulo. Shi ya ciro matar da take sayar wa leburori abinci, babu rai. Da aka gama, ya karɓi shebur ya je gefen da ginin ya nutse, ya tona. Ba komai sai leda da tsummoki da baƙar laka. Tsohon kududdufi ne aka cike da shara aka ɗora bene a kai. Ya zauna a ƙasa da fararen kayansa, sai da na ɗaga shi." Ya share fuska da hularsa. "Daga ranar, in kana son ganin fushinsa, yi masa wasa da maganar kududdufi."

Duk wannan hidima, mutum ɗaya ne bai yi kuka ba: mijina, ɗan farinsa. Shi ya shiga kabari ya kwantar da mahaifinsa, shi ya zauna yana karɓar gaisuwa har aka yi addu'ar uku, idonsa a bushe. Mutane suna ta yaba masa tawakkali. Ni na san ba haka abin yake ba. Ya riga ya yi kukansa tun Baba yana da rai, kuma a gabana aka yi.

Na ɗauki alƙalami ne saboda yaranmu. Ƙananan ba su san kakansu ba sai a matsayin tsohon da yake manta sunansu. Ina so su san wane ne shi kafin nan.

Aikinsa gwajin ƙasa ne. Kafin a kafa gada, ko bene, ko tankin ruwa, ko a shimfiɗa titi, sai a kira su su zo da injinsu su huda wurin, su zura bututu su ciro abin da ke ciki daki-daki: a sama jan ƙasa, can ƙasa ko yumɓu, ko rairayi, ko marmara, ko ruwa. Su ƙulla kowanne a leda su kai ɗakin gwaji, a busar, a tankaɗe, a danna a ga nauyin da za ta iya ɗauka. Daga nan ne zai ce wa mai gini, a nan fandisho ya kai zurfi kaza, a nan rage hawa, a nan kuwa kada ka soma. A Zariya ya yi karatun abin, ya yi wa gwamnati aiki har ya yi ritaya, daga baya ya ci gaba da karɓar aiki da kansa.

Idan ya ɗauki jikoki a mota suka zo wucewa ta wata gada, yara suna kallon sama suna ihu, shi kuwa ƙasa yake nuna musu. "Kun ga gindin can? Na san abin da ke ƙarƙashinsa." Ba wanda yake saurarensa, amma bai taɓa fasawa ba. Idan aka yi ruwan sama mai ƙarfi, da an ɗauke zai naɗe ƙafar wando ya fita zagayen unguwa, yana duba inda ruwa ya kwanta da inda ya wuce. Ya san duk tsofaffin kududdufan Fagge tun kafin a cike su. Sai ya tsaya a gaban shagon wani ya ce, "Nan muka koyi iyo." Mai shago ya yi dariya, shi kuwa ba ya yi.

Yana da tambaya guda da ya gaji kowa da ita: "An tona an gani?" Aka zo neman auren 'yarsa ana ta yabon gidan saurayin, ya ce an tona an gani? Ƙaninsa zai sayi tsohuwar mota, an tona an gani? Har Hajiya ta kai ga tana riga shi faɗa. Ya buɗe baki, ta ce, "Ba a tona ba, Malam, ci abincinka."

Sau ɗaya na ga sun yi faɗa na gaske. Yana da wasu rariyoyi na ƙarfe masu sheƙi, nasa na kansa, da yake tankaɗe ƙasa da su, kowacce da girman idonta. Wata rana rariyar gida ta yage ana tsakar shirin tuwon baƙi, Hajiya ta shiga ɗakinsa ta zaɓo mafi laushin ido, ta wanke ta, ta tankaɗe garin dawa. Ya dawo ya tarar da ita a kife a kan turmi. Ya yi ta faɗa har maƙwabta suna leƙowa, wai an lalata masa kayan aiki. Hajiya ta bari ya gama, ta ce, "To tuwon fa, ya yi laushi ko bai yi ba?" Ya juya ya shige ɗaki. Washegari ya dawo daga kasuwa da sababbin rariyoyin gari, ya ajiye mata a bakin madafa.

Ni asalin iyayena mutanen Borno ne, ko da yake a Fagge aka haife ni, aka haifi mahaifina. Tunda aka kawo ni gidan bai taɓa kama sunana ba, sai dai 'yar Borno. Kasancewata matar ɗan fari, kunya ta yi mana katanga. In na ji takunsa na shige ɗaki, in na gaishe shi ya amsa yana kallon wani wuri.

Haihuwata ta farko, yaron bai kai suna ba ya koma. Mijina ya kasa ɗaukarsa, Baba ne ya rungume shi a cikin likkafani ya kai shi da kansa. Na kwanta a ɗaki na daina magana, abinci sai an tsaya a kaina. Mata suna shigowa suna cewa in yi haƙuri, Allah zai kawo mai albarka. Baba bai ce mini komai ba. Amma kullum in ya dawo aiki da yamma, sai ya jawo kujerarsa daga inda ya saba zama, ya ajiye ta kusa da tagar ɗakina, ya ɗaga murya yana ba Hajiya labarin abin da suka haƙo a ranar. Yau sun ci karo da tsohuwar rijiya da aka rufe tun zamanin kakanni. Gobe bututu ya fito da guntun fasasshiyar tukunya. Jibi Baban Sabon Gari ya zame cikin laka har ƙugu, aka ciro shi aka bar takalminsa. Hajiya ko sauraro ba ta yi, tana can tana tsinkar zogale. Na daɗe kafin na gane ba ita ake ba labarin ba.

Wata rana na ji ya ce, "Hajiya, miƙa wa 'yar Borno wannan ta gani." Wata 'yar kwalba ce koriya da suka tono a Sabon Gari, bakinta a karkace. Ya ƙara da cewa, "Ki tambaye ta ko ta turarensu ce, mu mayar musu da kayansu." Ban san lokacin da dariya ta kufce mini ba. Na ji ya ja kujerarsa ya mayar da ita inda take.

Wannan mutumin ne kuma ya raba mu da gidan.

Mijina yana sayar da kayan wuta a kasuwar Sabon Gari. Burinsa tun muna sabon aure shi ne ya gina bene, shaguna a ƙasa, mu a sama. Kuma yana so ya yi abin ba tare da sanin Baba ba. Kasancewarsa ɗan fari, bai taɓa jin mahaifinsa ya kama sunansa ba, balle ya yaba masa. "Yaron nan" kawai yake ce masa. Yana so ya yi abu guda da zai kai Baba ya nuna masa, a ce madalla, ba tare da an tambaye shi ko an tona ba. Ya tattara duk abin da yake da shi, na ba shi abin da na gada a wurin mahaifina, ya sayi fili a Rijiyar Lemo ta hannun dillali. Sai da magana ta kammala ya ɗauki Baba a mota ya kai shi.

Da ya dawo na tare shi a ƙofa na ce, "Me ya ce?"

Ya jefar da makullin mota a kan gado. "Ya zagaya. Ya tsaya yana kallon bangon maƙwabta. Ya tsuguna ya ciri ciyawa, wai me ya sa take kore shar a tsakiyar rani. Ya ce Allah ya sanya alheri, zai turo injin."

Aka turo injin. Baban Sabon Gari da kansa ya riƙe shi. Abin da bututu ya fito da shi shara ce, sai baƙar laka mai wari, sai ruwa. Baba ya kira mijina a gaban Hajiya ya yi masa bayani kamar yadda zai yi wa kowane mai gini: wurin ba zai ɗauki bene ba, sai dai in za a kafa ginshiƙai can ƙasa, aikin da ya fi ƙarfin mai shago a kasuwa. Ko ginin ƙasa aka yi, zai tsage.

Mijina ya ce, "Baba, ai maƙwabta duk sun gina."

Ya ce, "Sun gina. Ka je ka dubi bangonsu."

Da a nan abin ya tsaya, da da sauƙi. Mijina ya yanke shawarar ya sayar da filin ya fita. Dillalin ya samo wata mata mai makarantar firamare a Sabon Gari, wadda take neman inda za ta buɗe reshe, ta gina azuzuwa hawa-hawa. An yi ciniki, saura a haɗu a ƙarasa. Ban san yadda maganar ta kai kunnen Baba ba. Bai kira ɗansa ba, bai gaya wa Hajiya ba. Ya sa babbar riga ya je makarantar, ya nemi ganin matar, ya gaya mata abin da ke ƙarƙashin filin, ya kuma gaya mata cewa mai filin ɗansa ne. Ta janye. Kafin a tashi kasuwa labari ya zaga layin masu kayan wuta: wane ya so ya sayar wa mai makaranta kududdufi, ubansa ya hana.

Ina wanke-wanke a tsakar gida mijina ya shigo. Baba yana tsugune yana alwalar magariba. Mijina bai taɓa ɗaga wa mahaifinsa murya ba, ranar ma bai ɗaga ba. Ya tsaya a kansa.

"Baba, ni ɗanka ne kuwa?"

Baba ya ci gaba da wanke hannu. "Matar nan yara za ta zuba a ciki."

"Da ka kira ni ka faɗa mini."

"Na faɗa maka abin da ke ƙasa. Ka ji da kunnenka, ka je ka nemi mai saye."

"Ka tozarta ni a kasuwa. Da wane ido zan buɗe shago gobe?"

Baba ya shafi kai, ya wanke ƙafafu, ya ɗauki butarsa ya fita masallaci. Kafin wata ya ƙare mun kama haya a wajen tashar jirgin ƙasa. Ranar da ake kwashe kayanmu Hajiya ta zauna a ɗaki tana kuka, Baba kuwa ya fita tun da safe bai dawo ba sai da motar ta tafi.

Ni ma na ji zafinsa, gadon mahaifina yana cikin lakar nan. Amma na ga matar makarantar sau ɗaya a kasuwa, yara suna biye da ita da jakunkunansu, na kasa haɗa ido da ita, na kuma kasa ci gaba da fushi da Baba. Mijina shi ma ya san gaskiya. Bai sake neman mai saye ba. Filin yana nan har yau, masu a daidaita sahu suna ajiye baburansu da rani, da damina kwaɗi su karɓa. Abin da ya tsaya masa a rai shi ne an wuce ta kansa, kamar ba a yarda zai ji magana ba in an yi masa.

Shekaru suka yi ta tafiya a haka. Bai yanke zumunci ba. Duk Juma'a zai je, ya durƙusa a soro.

"Barka da Juma'a, Baba."

"Barka kadai. Ya kasuwa?"

"Alhamdulillahi."

Shi ke nan, sai ya shige wurin Hajiya. Hajiya ta yi magana har ta gaji. Baban Sabon Gari ya je har shago ya same shi, ya ce, "Ɗana, ubanka ya rame." Mijina ya ba shi kujera, ya saya masa lemo, ya raka shi bakin titi, maganar ta mutu a nan. Su biyun kansu ɗaya, kowa yana jiran ɗan'uwansa ya fara.

Sai mantuwa ta fara kama Baba. Da farko ƙananan abubuwa ne, ya nemi tabarau yana fuskarsa, ya maimaita tambaya. Daga baya ya fara sanya takalman aiki da hular kwano ya fita da sassafe, wai injin yana jiransa. Wata rana wani mai shayi a bakin tashar jirgi ya gane shi yana tsaye yana duba ramin kwalbati, ya riƙo hannunsa ya kawo shi gida. Likita ya ce ciwon tsufa ne, sai dai lallaɓawa. Na koma ina zuwa kullum ina taya Hajiya. Kunyar da ke tsakaninmu ta tafi tare da sauran abubuwan da ya manta. Ni nake ba shi kunu a baki. Wani lokaci ya ɗauke ni ƙanwarsa, wani lokaci ma'aikaciyar asibiti.

Wata yamma bayan la'asar, yana zaune a tsakar gida ina yanke masa farce, mijina ya shigo ɗaukata. Ya durƙusa ya gaishe shi kamar kullum, zai miƙe. Baba ya ƙura masa ido, ya gyara zama, fuskarsa ta koma irin ta wurin aiki.

"Alhaji, kai ne mai filin?"

Mijina ya dube ni. Na yi masa alama ya zauna. Ya zauna a bakin tabarma.

"Ni ne, Baba."

"To ka yi haƙuri da abin da za mu samu. Mu ba mu sa komai a ciki, abin da ke nan shi muke cirowa." Ya sake dubansa. "Kana da kama da yarona. Sa'anka ne. Yana kasuwar Sabon Gari, kayan wuta yake sayarwa. Ka san shi?"

"Na san shi."

"Yaron kirki. Shi kaɗai ya kafa kansa, ban ba shi ko kwan fitila ba. Tun yana ƙarami in rediyo ta lalace shi yake gyara ta. Ban taɓa gaya masa ba. Ka san mu da ɗan fari."

Mijina ya sunkuyar da kai. Na ajiye abin yankan farcen.

"Na taɓa gwada masa fili," in ji Baba. "Tun daga mota na gane, amma na ce bari dai a haƙa. Da aka gama na sallami ma'aikata, na koma ni da abokin aikina, muka sake haƙawa a wata kusurwa. Muka sake a wata. Ina cewa ko Allah zai sa in samar masa ƙasa mai kyau ko da a gefe guda ne, ya ɗora ɗaki. Tunda nake aikin nan ban taɓa roƙon Allah ya sa na yi kuskure ba sai a filin yaron nan."

Ba wanda ya taɓa gaya mana wannan. Kafaɗun mijina suka fara rawa.

"Yana fushi da ni. Da gaskiyarsa. Kamata ya yi in fara zuwa wurinsa kafin in je wurin matar. Tsoro na ji. Na ce in ya roƙe ni, ban san ko zan iya ce masa a'a ba." Ya miƙa hannu ya dafa gwiwar mijina. "Alhaji, lafiya kake kuka? Filin naka ai ba mu haƙa ba tukuna."

Mijina ya kama hannun ya kifa fuskarsa a kai. Ya ce, "Baba, ni ne. Ni ne yaron naka. Ka yafe mini."

Baba ya yi murmushi irin na ban-haƙuri, ya zare hannunsa a hankali. "A'a, Alhaji. Nawa yana kasuwa. In ka gan shi, ka ce ya zo ya ci abinci."

Hajiya tana tsaye a ƙofar madafa da ludayi a hannu, hawaye yana zuba. Ranar a mota mijina ya kasa tuƙi, ya faka a gefen titi ya yi kuka kamar ƙaramin yaro, mutane suna wucewa suna leƙenmu.

Daga ranar ya bar wa yaronsa na shago kasuwar yamma. Kullum yana gidan. Shi yake yi wa Baba aski, shi yake kai shi banɗaki, shi yake ɗaura masa alwala ya tsaya a gefensa yana tuna masa raka'a. Mun yi ta sa ran wata rana zai farka ya gane shi, don yakan gane Hajiya, yakan gane Baban Sabon Gari in ya zo, har su yi hirar injin. Amma mijina ya zauna a matsayin Alhaji mai fili har ƙarshe. Da ya ga haka, sai ya daina gardama, ya karɓi aikin ɗan aike.

"Ka ga yaron nawa?"

"Na gan shi, Baba. Yana gaishe ka."

"Kasuwa tana tafiya?"

"Tana tafiya. Ya ce albarkarka ce."

Sai Baba ya gyaɗa kai, ya karɓi lomar da ake miƙa masa.

Ana saura 'yan kwanaki ya rasu, jikinsa ya yi sanyi, ba ya iya tashi. Ina zaune a gefe ina masa fifita, mijina yana shafa masa mai a ƙafa. Baba ya buɗe ido ya neme shi.

"Alhaji."

"Na'am, Baba."

"Yaron nan, ya huce kuwa?"

"Ya huce tuntuni. Ya ce kai ne da gaskiya. Ya ce babu uban da ya kai nasa."

Baba ya lumshe ido ya ce, "Alhamdulillahi." Na ɗauka barci ya ɗauke shi. Can sai ya sake buɗewa, ya dubi ƙofar ɗaki, ya daɗe yana kallonta.

"To me ya hana shi zuwa?"

Mijina bai daina shafa masa ƙafar ba. Ya ce, "Yana hanya, Baba."

Allah ka jiƙan wannan bawa naka. Ka yalwata masa makwancinsa, ka yafe masa abin da ya sani da abin da ya manta. Ka haɗa shi da ɗansa a inda zai dube shi ya gane shi, ya kira shi da sunansa. Amin.